Mangalar Taki da Lissafin Kabon a Ƙasar Kano

A 1935 wani Baturen gandun daji, E. P. Stebbing, ya wallafa cewa Sahara na gangarowa kudu za ta cinye gonakin Arewa. Kwamitin haɗin gwiwa na Ingila da Faransa ya bi kan iyakar Najeriya da Nijar a 1936 zuwa 1937, bai ga wannan mamayar ba. Abin da Stebbing bai auna ba shi ne hannun manomi. A karkarar da ke kewaye da birnin Kano, inda ake noma gona ɗaya kowace damina ba hutu, jakuna kan shigo da itace birni da rani, su fita da mangala cike da toka da kashin awaki da sharar juji. Michael Mortimore, wanda ya fara nazarin yankin tun shekarun 1960, ya nuna cewa wannan zirga-zirgar, tare da harawa da bishiyun da aka bari a gona, ita ta riƙe ƙasar duk da yawan jama'a.

Taki kabon ne da ake mayar wa ƙasa, kuma saman ƙasar da iska da ruwa ke fara kwashewa shi ne ya fi ɗauke da shi. Masana har yau ba su daidaita kan makomar wannan kabon ba. Rattan Lal ya ƙiyasta a 2003 cewa zaizayar ƙasa a duniya na sakin kusan tan biliyan 1 na kabon zuwa sama a shekara, amma a 2007 Van Oost da abokan aikinsa suka ce zaizayar gonaki ma ɓoye kimanin tan miliyan 120 na kabon take yi a shekara, domin ƙasar da aka kwashe kan binnu a kwari da fadama, tsirrai kuma su sake gina wani a inda ta bari. Saurin wannan sake ginawar, a ganina, shi ne gaɓar maganar, kuma a Kano manomi ne ke ƙayyade shi.

Za a ce taki bai ƙirƙiri kabon ba, daga daji da birni aka kwaso shi. Haka ne. Sai dai sharar da za a ƙone a juji, in ta shiga kunya, wani kasonta kan zauna shekaru, kuma ƙasar da ta sha taki ta fi danƙo, iska ba ta saurin ɗaukarta. Za a kuma ce leda ta ɓata shara, takin zamani ya shigo. Wannan ya ƙara wajabta a auna canjin ne. Duk lissafin kwamfuta da ya ƙidaya ruwan sama da gangaren ƙasa ya tsallake mangalar jaki, kuskuren 1935 zai maimaita.