Allurar Matan Kosika da Tarihin Ƙazuwa

Ƙazuwa tsohuwar cuta ce, amma likitoci sun shafe ƙarnuka kafin su yarda da abin da ke kawo ta, kuma abin da ya tsare su shi ne bayanin da suka gada suka ƙi saki. Mabiya Jalinusu, likitan zamanin dā, sun ɗauka gurɓacewar jini ce ke fesowa a fata, don haka sai tsaga da maganin wankin ciki. Alhali tun ƙarni na 12 Ibn Zuhr, likitan Andalus, ya ambaci wasu 'yan mitsitsin halittu da ke zaune a ƙarƙashin fatar mai sosa. A 1687 Bonomo da Cestoni, a birnin Livorno na Italiya, suka zaƙulo ƙwaron, suka dube shi da madubin ƙara girma, suka rubuta cewa shi ne tushen cutar. Aka yi biris da su kusan shekara 150. Sai a 1834 wani ɗalibi mai suna Renucci ya tsaya gaban malamansa a asibitin Saint-Louis na Paris ya ciro ƙwaron da tsinin allura, yadda ya ga matan tsibirinsu na Kosika suna yi. Abin da ya gagari manyan malamai, ashe ya daɗe a hannun matan ƙauye.

Wani zai ce ai tun kafin wannan ana shafa farar wuta ana warkewa, to me sanin ƙwaron ya ƙara? Ya ƙara abu babba. Macen ƙwaron ce ke haƙa rami a fata ta saka ƙwai, kuma wanda ya kamu karon farko yakan yi mako 4 zuwa 6 kafin ƙaiƙayi ya taso, yana ta yaɗa ta bai sani ba. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Kenneth Mellanby ya nuna a Sheffield ta Ingila cewa haɗuwar jiki da jiki ce babbar hanyarta. Shi ya sa maganin mutum ɗaya a gida mai cunkoso aikin baban giwa ne: ya warke, abokin kwanansa ya mayar masa.

Gaskiya ne ba kowane ƙaiƙayi ne ƙazuwa ba, akwai makero da ƙurajen zafi da borin jini. Wannan ma hujja ce ta a duba kafin a yanke hukunci. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙazuwa cikin cututtukan da aka yi wa sakaci, ta kuma ƙiyasta cewa aƙalla mutum miliyan 200 ke ɗauke da ita a kowane lokaci. Har yau a tsangayu da makarantun kwana akan ce dattin ciki ne, a ɗura wa yaro jiƙo. Idan ƙaiƙayi ya tsananta da dare, ƙuraje suka fito tsakanin yatsu da wuyan hannu, a je asibiti, a yi wa duk 'yan ɗakin magani rana ɗaya, a wanke tufafi da shimfiɗa da ruwan zafi.