Ƙarfin muryar salula: me ke sa ka ji mai kira, shi kuma ba ya jin ka

"Ina jin ka, kai ne ba ka ji na." Duk wanda ya taɓa kiran gida Dungas, Malawa, Guci ko Dogo-Dogo daga Kano ko Agadas ya san wannan magana. Sau da yawa laifin ba na wayar ba ne. Tushensa wani aiki ne da injiniyoyi ke kira daidaita ƙarfin aikawa, wato yadda salula ke ɗaga muryarta ko ta sassauta lokacin da take magana da turken sadarwa, wanda muke ce wa antan.

Hanyar kira biyu ce. Akwai saƙon da ke saukowa daga turke zuwa waya, akwai wanda ke hawa daga waya zuwa turke. Babban turke yana aikawa da ƙarfin da kan kai wat 20 zuwa 40, daga kan dogon ƙarfe. Ita kuwa waya, iyakarta a 2G wat 2 ne, a 4G kuma kashi ɗaya bisa biyar na wat ɗaya kawai. Kamar mai shela ne da lasifika: kana jin sa daga gona, amma in ka amsa da bakinka ba zai ji ba. Sandunan rezo da ke fuskar waya muryar turke kaɗai suke aunawa. Shi ya sa za ka ga sanda biyu ko uku, hoto kuma ya ƙi tafiya.

To me ya hana waya ta yi ta ihu da duk ƙarfinta? Abu biyu. Na farko batiri. Na biyu, turke ɗaya yana sauraron wayoyi da yawa, kuma in na kusa ya ɗaga murya sai ya danne na nesa. Don haka turke ne ke auna abin da ke iso masa, ya umurci kowace waya ta ƙara ko ta rage. A 2G ana wannan gyara kusan sau biyu a sakan ɗaya, a 3G sau 1,500. Wayar da ke gindin turke raɗa kawai take yi. Wadda ke ƙauye mai nisa, cikin ɗakin da aka rufa da kwano, tana kai iyakarta, ta yi zafi, cajin da aka biya kuɗi aka yi da safe ya ƙare kafin la'asar.

Lamarin ya fi rikicewa inda manyan turaku suka gauraya da ƙanana. Kamfanoni kan kafa ƙaramin turke mai ƙarfin wat ɗaya ko biyu a wuri mai cunkoso kamar kasuwa ko tasha, a karkarar Afirka kuma ana kafa masu aiki da hasken rana don ƙauye ɗaya ko biyu. A al'ada waya tana bin turken da ta fi jin muryarsa. Ka ɗauka mutum yana tsakanin ƙaramin turke da ke kusa da babba da ke nesa. Babban ya fi ƙara, sai wayar ta bi shi. Don ta isa gare shi dole ta ɗaga murya, wannan ihu kuwa a kunnen ƙaramin turke yake fara sauka, ya hana shi jin wayoyin da ke tare da shi. Ita ta ƙona batiri, maƙwabta sun rasa rezo, alhali ga turke kusa da zai ji ta ko da raɗa ta yi.

Dabaru biyu aka fi amfani da su a 4G. Ɗaya, ana ƙara wa ƙaramin turke maki a lissafin waya, yadda za ta zaɓe shi ko da muryarsa ba ta kai ta babban ba. Ɗayar kuma, ba a barin waya ta cike duk ƙarfin da nisa ya cinye. Wani kaso take cikewa, misali takwas bisa goma, don na bakin iyakar turke kada su dami turakun maƙwabta. Wannan yana kyautata rezon jama'a gaba ɗaya. Amma mu faɗi gaskiya, mutumin nesa ne ke biyan kuɗin, domin shi ne saƙonsa ke tafiya a hankali. A ganinmu, duk gwanintar lissafi ba ta kai a matso masa da turke ba.

Mu nan muna da ƙarin wani abu, wato iyaka. Gundumar Dungas, wadda aka cire daga ta Magarya a 2011, tana maƙwabtaka da jihar Jigawa, kuma igiyar rediyo ba ta tsayawa a shingen duwan. Wanda ya doshi Maigatari yana iya ganin wayarsa ta kama turken Najeriya tun bai ƙetare ba, in layinsa a buɗe yake ga waje sai a caje shi kuɗin waje. Mai layi biyu, na Nijar da na Najeriya, wayarsa rezo biyu take nema, batiri kuma ya ji jiki. Ana iya shiga saitin waya a zaɓi kamfani da hannu, ko Airtel ne, ko Moov, ko Zamani, ko Niger Telecoms, a kuma kashe layin da ba a bukata.

Ga ƴan uwa da ke waje masu aiko da kaya: babbar waya ba ta fi ƙaramar mai maɓalli kai murya nesa ba. Kiran bidiyo a WhatsApp yana bukatar hanyar hawa mai ƙarfi, saƙon murya kuwa yana lallaɓawa ya wuce. Akwatunan ƙara rezo da ake sayarwa a kasuwa sai an yi hattara da su, domin maras kyau yana kwasar hayaniya ya zuba wa turke, ya ɓata wa unguwa guda kira. A Nijar hukumar ARCEP ce ke kula da rabon igiyoyi da ingancin aikin kamfanonin waya. In za a yi kira mai muhimmanci, a fita tsakar gida ko a hau tudu, kada a dunƙule wayar cikin tafi. Inda babu rezo sam, a sa ta yanayin jirgi har a iso gari.