Daga Nima zuwa Sabon Zango: tarihin da ke bakin titi



Kowace safiya dubban mutanenmu suna shiga trotro daga Nima zuwa tsakiyar Ankara, kai a sunkuye, ido a kan waya, ba a ɗagowa sai yaron mota ya nemi kuɗinsa. Ni ma haka nake yi, har ranar da cajin wayata ya ƙare na koma kallon taga. A ranar na lura cewa hanyar nan cike take da sawun kakanninmu.

Tun a tasha za ka ga mai koko da ƙosai, mutane sun yi layi: Ga, Asante, Ewe, kowa da kofinsa. Sunan da duk Gana ta san kokon nan da shi Hausa koko ne. Kusa da ita ga mai waakye, wanda asalinsa shinkafa da wake ne, aka yar da shinkafar aka riƙe waken. Haka tuo zaafi, tuwon zafi ne harshe ya lanƙwasa. Kafin abinci ya shiga bakin wata al'umma tare da sunansa, sai an daɗe ana maƙwabtaka.

Ita kanta Nima ba ta kai shekara ɗari ba. A farkon shekarun 1930 Malam Amadu Futa, Bafillace mai sana'ar shanu, ya sami filin daga hannun mutanen Osu. Da mota ta fita unguwar sai ka hangi hasumiyoyin babban masallacin ƙasa na Kanda, wanda aka buɗe a 2021. To amma labarinmu ya girmi Nima nesa ba kusa ba, kuma sai ka sauka a cikin gari za ka gane haka.

Yaron mota yana kiran "Tudu! Tudu!", wataƙila bai san Hausa yake yi ba. Can za ka ga kayayei ɗauke da manyan kwanoni a ka. Rabin sunansu kalmarmu ce, kaya, rabin kuma na harshen Ga ne mai nufin mata. A gefen hanya kuma ga wani dattijo da farantin goro, ya lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu kada ya bushe. Wannan ɗan faranti shi ne mafarin zancen. Goron dazukan Asante ne ya riƙa jawo fatake daga Kano da Katsina zuwa Gwanja, tafiyar watanni da jakuna, suna kawo kanwa da tufafi da fatu. Wurin da ayari ke sauka ya huta shi ake kira zango, kuma babban zangonsu shi ne Salaga.

A 1874 Turawan Ingila suka ƙona Kumasi, ikon Asante a kan arewa ya raunana, kasuwar Salaga ta fara ja da baya. Yaƙin basasar 1892 ya ƙarasa ta. Jama'arta suka watsu zuwa Yeji da Kintampo da Kumasi da Kete Krachi, inda babban malamin nan haifaffen Kano, Alhaji Umaru, ya zauna har ya rasu a 1934. Wasu kuma suka gangaro bakin teku, domin tun 1877 Ankara ta zama babban birni, kuma goro ya fara bin jirgin ruwa zuwa Ikko. Har yau akwai kasuwa mai suna Salaga a tsohon gari, wajen James Town. Gaskiya ɗaya ce, dole a faɗe ta: ba goro kaɗai aka sayar a Salaga ba, an sayar da bayi, kuma a cikin kakannin zango akwai masu saye, akwai waɗanda aka sayar.

Akwai kuma waɗanda kakin soja ya kawo. Rundunar Hausawa da Glover ya kafa a Ikko a 1863 ta yi yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, kuma da yawa daga cikinsu nan suka zauna suka yi iyali. Ta haka Hausa ta daɗe tana zaman harshen bariki a ƙasar nan.

Daga Tudu, taku kaɗan ne zuwa Zongo Lane. Yau shaguna ne suka cika shi, amma a ƙarshen ƙarni na 19 nan ne zangon Malam Neno. Idan ka sake shiga mota ka nufi yamma, za ka wuce Fadama a bakin tafkin Korle, sunan da duk manomin Hausa ya ji ya san ƙasa ce mai dausayi. Gaba kaɗan, daura da Abossey Okai, sai Sabon Zango, wanda Malam Baƙo ɗan Malam Neno ya kafa wajen 1910 da amincewar sarakunan Ga, bayan tsohon zangon ya yi wa jama'a kaɗan. Ka ji "sabo" mai shekara fiye da ɗari.

Me ya sa za mu damu da wannan? Dattawanmu ba su manta 18 ga Nuwamba, 1969 ba, ranar da gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Mutanen da aka haifa a nan, aka binne iyayensu a nan, sun sayar da gidajensu a wulaƙance sun hau manyan motoci zuwa garuruwan da ba su taɓa gani ba. Har gobe ɗan zango yakan je neman takarda a tambaye shi, "Ina ne ainihin garinku?" Yaron da bai san sunan kakansa ba, bai san gidan da aka haifi babansa ba, da me zai amsa?

Sunayen unguwanni suna ba da shaida, amma ba za su faɗi sunan kakanka ba. Wannan yana bakin tsofaffin gidanku, kuma kullum raguwa suke yi. A je a zauna da su, a tambaye su daga ina aka fito, ta wace hanya, wane maigida ne ya fara saukar da su. Wayar nan da ke hana mu kallon taga, a ɗauki muryarsu da ita, sannan a rubuta a ajiye wa yara.

Allah Ya jiƙan magabata, Ya zaunar da Gana lafiya.