Baro: Garin Da Jirgin Ƙasan Kano Ya Fara Tashi

Jiya wani abokina ya sa hoton tashar jirgin ruwa ta Baro, ga gini ga na'urar sauke kaya, amma babu jirgi ko ɗaya a bakin ruwa. Sai wani matashi ya tambaya a ƙasa: "Wai ina ne Baron nan?" Wallahi tambayar ta tsaya mini a rai, don yaron Bakano ne, kuma arzikin gyaɗar da ake ba shi labari yana da alaƙa da wannan gari.

Baro ƙaramin garin Nufawa ne a bakin kogin Kwara, a ƙaramar hukumar Agaie ta jihar Neja. Masunta ne da manoman shinkafa. A 1907 Turawa suka kawo Percy Girouard ya gaji Lugga a mulkin Arewa. Shi injiniyan layin dogo ne, ya yi irin wannan aiki a Sudan. Lissafinsu mai sauƙi ne: jirgin ruwa ya taso daga teku ya hauro Kwara har Baro, daga nan jirgin ƙasa ya ɗauka zuwa Kano. Ƙarafan dogo da kawunan jirgi duk ta ruwa aka kawo su, aka sauke a Baro. Masu haƙa da dakon ƙasa kuwa talakawa ne da aka ɗebo ta hannun sarakuna, da yawansu ba da son ransu ba. Wannan ɓangaren ba a cika faɗa ba idan ana yabon aikin Bature.

Layin ya bi ta Minna da Zariya, ya isa Kano a 1911. Auduga Turawa suka sa rai za su kwasa don masaƙun Ingila, sai manoman Kano suka duba farashi suka rungumi gyaɗa.

To me ya kashe Baro? Abu biyu. Na farko kogin kansa: manyan jirage ba sa iya haurowa sai lokacin da ruwa ya cika, 'yan watanni kaɗan a shekara. Na biyu, layin da ya taso daga Legas ya zo ya haɗe da na Baro a Minna. Da aka gama gadar Jebba a 1916, kaya suka riƙa wucewa Legas kai tsaye, ba saukewa ba lodawa. Wane ɗan kasuwa ne zai jira damina? Baro ta koma reshe, daga baya reshen ma jirgi ya daina bi. Ma'aikata suka watse, mutanen gari suka koma wa komarsu da fadamarsu.

Shi ya sa da marigayi 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da yashe Kwara daga Warri zuwa Baro a 2009, mutanen yankin suka ga kamar zamanin kakanninsu zai dawo. A Janairun 2019 Buhari ya je ya buɗe tashar. Aka yi taro, aka watse.

Mu da muke aikin gwamnati mun san yadda irin wannan ke faruwa. Tasha tana ƙarƙashin wata hukuma, hanya tana wata ma'aikata, dogo yana wata, kowa da kasafinsa da fayil ɗinsa, ba mai jiran wani. Aka gama tasha alhali hanyar Agaie zuwa Katcha zuwa Baro ba ta kammalu ba, tsohon dogon Minna kuma yana kwance cikin ciyawa. Ko jirgi ya zo ya sauke kwantena, ta ina za a fitar da ita? Kogin kuma yashi yake sake tarawa duk shekara.

Ni abin da ya fi damuna ba kwantena ba ce. Manomin shinkafa a Baro hanyar da zai kai buhunsa kasuwar Bida yake nema, da mai naƙudar da za a fitar cikin dare a watan Agusta. 'Yan'uwa na Agaie da Katcha da ke nan, don Allah ku faɗa mana inda aikin hanyar ya tsaya yanzu.