Gonar Uba Da Ƙuri'ar 'Ya'ya: Rabon Gado Wajen Manoman Jamus A Zamanin Da

Wanda ya duba tsohuwar taswirar ƙauyukan da ke kwarin kogin Neckar, a kudu maso yammacin Jamus, abin da zai fara ba shi mamaki shi ne siffar gonakinsu. Ga su nan sirara, dogaye, a jere kamar sawayen saƙi da ba a riga an ɗinke ba, wata ma faɗinta bai wuce taki kaɗan ba. Amma in ya juya arewa wajen Westfalen, sai ya tarar da gida guda a tsakiyar gona mai faɗi, gidan kuwa yana amsa suna ɗaya tun kaka da kakanni. Babban dalilin wannan bambanci shi ne abin da kowane yanki ya saba yi ran da mai gida ya kwanta dama.

A ƙasar Württemberg al'ada ita ce a raba kome daidai wa daida tsakanin 'ya'ya, mace da namiji rabonsu ɗaya. Dokar ƙasa da aka kafa a shekarar 1555, zamanin sarautar Christoph, ta tabbatar da haka a rubuce. Mai karatu da ya tashi a kan hukuncin shari'a, inda namiji ke da rabon mata biyu, zai ga lissafin ya bambanta, amma damuwar ba baƙuwa ba ce gare shi: yaya gonar da da ƙyar take ciyar da gida ɗaya za ta ciyar da gida biyar?

Aikin rabon tun ranar aure yake farawa. Da an ɗaura aure, sai magatakarda ya zo ya rubuta abin da ango ya kawo da abin da amarya ta kawo, kowa da nasa shafi. In ɗayansu ya rasu, sai a sake zama, dattawan da ke kula da haƙƙin marayu su bi gidan ɗaki ɗaki suna yi wa kaya kuɗi: saniya, garma, lauje, ganga, gado da shimfiɗarsa, tukwane, riga da hula, littafin addu'a, har da bashin da ake bin mamaci da wanda yake bi. Sau da yawa wannan rabo na farko a takarda kaɗai yake tsayawa, gama wanda ya saura cikin ma'auratan shi ne zai ci gaba da cin moriyar dukiyar. Sai bayan ransa ne ake rabo na ainihi. A nan ne ake kasa gonaki kashi kashi, a yi ƙoƙari kowane kashi ya sami mai kyau da maras kyau, kana a jefa ƙuri'a. Har gida ma rabawa ake yi: wani ya sami bene, wani ƙasa, a yi tarayya a madafi da rumbu. Abin da ke biyo bayan irin wannan zama, wanda ya san gidan haya ba ya bukatar bayani.

Dubban waɗannan takardu suna nan a ajiye har yau. Da irinsu ne masanin tarihi David Sabean ya rubuta littafinsa na 1990 a kan ƙauyen Neckarhausen, inda ya bi sawun gonaki daga hannu zuwa hannu tun daga 1700 har zuwa 1870. Abin da takardun ke nunawa shi ne, rabo ba ya tafiya shi kaɗai. Abin da mutuwa ta warwatsa, aure yakan tattara, tun da ita ma amarya da gonarta take zuwa. Saboda haka zaɓen miji ko mata ya zama lissafin iyaka da iyaka, har aure tsakanin dangi ya yawaita don kada gona ta fita daga zuri'a.

A arewa kuwa, da wasu sassan Bavariya, da tsaunukan Baƙin Daji, mutum ɗaya ne ke gadar gona ɗungum. A wasu wurare ɗan fari ne, a Baƙin Daji kuwa galibi ɗan auta ne. Hikimar zaɓen auta a fili take: kafin ya isa riƙon gida uban ya tsufa, ba sai an kawar da shi da sauran ƙarfinsa ba. Domin a waɗannan yankuna ba safai ake jiran mutuwa ba. Uba yakan miƙa gona yana da rai, a rubuta yarjejeniya: ɗakin da shi da matarsa za su zauna, da yawan hatsi, da madara, da itacen wuta da za a ba su kowace shekara. Lalle uban da ya nemi a rubuta masa mudun hatsinsa a gaban hukuma ya san halin duniya. Iyayen ƙasa, waɗanda manoma ke biyan su galla da aikin gayya na tilas, su ma sun fi son wannan tsari, don karɓa daga hannu ɗaya ya fi sauƙi.

To, sauran 'ya'yan fa? Ana sallamarsu da ɗan kuɗi ko kayan aure, abin da bai kai kusa da darajar gonar ba. Wasu su zauna barantaka a gidan da aka haife su, ba aure har tsufa. Wasu su kama ɗan ɗaki da 'yar gona haya su biya da ƙwadago. Daga yankin Osnabrück dubbai ne ke tafiya Holan a ƙasa kowace shekara don yankan ciyawa, watau cin rani irin nasu. Gona ta tsira, amma a bisa wuyan waɗanda ba su gada ba.

Ranar gwajin tsarin kudu ta zo a 1816. Dutsen Tambora da ke Indonisiya ya yi aman wuta a watan Afrilu na 1815, ƙurarsa ta dusashe rana, shekarar da ta biyo baya ta zo wa Turai da sanyi da ruwa ba ƙaƙƙautawa. Hatsi da inabi suka lalace. Mai 'yar gona ba shi da ajiya, sai ya sayar. Dubban mutane suka bi kogin Rhein zuwa Amurka, wasu suka bi Danube zuwa Rasha. A 1817 gwamnati ta aiki wani matashin ma'aikaci, Friedrich List, garin Heilbronn ya tambayi masu ƙaura dalilinsu. Abin lura shi ne, kukan da suka fi yi na nauyin haraji ne da zaluncin masu mulki da magatakarda. A ganina wannan shaida ta isa ta sa a yi hattara da masu ɗora wa rabon gado laifin kome, ko da yake List da kansa ya rubuta a 1842 yana sukar abin da ya kira noman wadanni. Bayan haka, waɗannan 'yan gonaki su ne suka riƙe mutane a ƙauyukansu suna haɗa noma da saƙa da sauran sana'o'in hannu, kuma daga cikinsu ne masana'antun Stuttgart suka sami ƙwararrun ma'aikata daga baya.

Gwamnatin Hitler ta so ta yanke gardamar da ƙarfi. Dokarta ta 1933 ta hana raba gonakin da ba su wuce hekta 125 ba in sun isa riƙon iyali, ta hana sayar da su, ta kuma tura 'ya'ya mata can baya, bayan 'ya'ya maza da uban mamaci da 'yan'uwansa maza. Ƙasashen da suka ci Jamus da yaƙi suka soke ta a 1947. A wannan shekara ce aka kafa wata doka a yankin da Ingila ke riƙe da shi, wadda ta bar gona ga magaji ɗaya, tana kuwa aiki har yanzu, bayan gyare-gyare, a jihohi huɗu na arewa da yamma. A kudu kuma, bisa dokar 1953, ma'aikatan safiyo suka bi ƙauye ƙauye suna tattara sawayen nan, suna mai da wa kowane manomi gonarsa a dunƙule, aikin da a wasu ƙauyuka ya ci shekara goma ko fiye kafin maƙwabta su yarda da sabuwar iyaka.