Tsofaffin Kuɗin Sokode da Dapaong da Alamun da ke Jikinsu

Kafin zuwan Turawa, wuri ne kuɗin kasuwa a arewacin Togo. Da shi fataken Hausawa masu zuwa Gwanja sayen goro suke ciniki in sun yada zango a Sokode, garin Kotokoli. Jamusawa sun kafa mulki a bakin teku a 1884, daga baya suka yi bariki a Sokode, ƙasar Dapaong kuma suka sa ta ƙarƙashin Sansanne Mango. A 1914 Ingila da Faransa suka kore su. Shi ya sa a gwangwanin tsohuwa ɗaya akan tarar da kuɗin iyayengiji uku a haɗe.

Jikokin da suka gaji irin wannan gwangwani sukan ji ana cewa kuɗin da aka yi kuskure wajen buga shi dukiya ne. Sai su ƙura ido, duk ɗan tabon da suka gani su ce kuskure ne. Yawancinsu kuwa alamu ne da aka sa da gangan.

A kuɗin Jamus, a duba ƙarƙashin hoton gaggafa. Akwai ɗan harafi mai nuna garin da aka ƙera shi: A na Balin ne, D na Munik, J na Hambag. A ƙananan kuɗin harafin yakan fito sau biyu, dama da hagu na wutsiyar tsuntsun. Ba hatimi ne ya zame ba, haka tsarinsu yake.

Na Faransa ne suka fi ruɗa mutane. Daga 1924 aka buga wa Togo nata kuɗin a Paris: rabin tamma, tamma ɗaya da tamma biyu, masu launin rawaya. An sake buga wasu a 1948 da farin ƙarfe marar nauyi, masu hoton kan barewa, sa'an nan dala a 1956. Maƙerar Paris ba harafi take sawa a kansu ba, ƙananan hotuna biyu ne. Na farko ƙaho ne cike da 'ya'yan itatuwa, shi ne alamar maƙerar tun 1880. Na biyu na babban mai zana hatimi ne: sanda mai harshen wuta ta Patey, wanda ya riƙe aikin har 1930, da fiffike na Bazor da ya gaje shi. In kuɗin ya sha hannu, hotunan sukan koma kamar ƙuraje, mai neman arziki kuwa ba ya rasa abin gani a jikin ƙurji. Haka kuma wanda ya juya kuɗin ya ga bayansa a kife, kada ya yi murna. Al'adar Faransa ce, ko dalar sefa ta yau haka take.

Kwabo mai huji na Ingilishi ya shigo ne ta wajen Yendi da Bawku, kuma ya daɗe yana yawo a kasuwannin yankin Faransa. Ɗan harafin H kusa da hujin na maƙerar Heaton ne a Bamingham, KN kuma na King's Norton. Wanda ba shi da harafi, maƙerar sarki ta Landan ce ta buga shi. Kwabon 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya sauka kafin a naɗa masa kambi, shi ma ba kuskure ba ne. An buga shi da yawa ƙwarai, don haka ba shi da tsada.

Kuskure na gaskiya akwai shi, amma kaɗan ne. An sami kwabo mai shekarar 1945 ɗauke da sunan Edward, da na 1956 ɗauke da sunan Sarki George na Shida, wanda ya rasu tun 1952. Maƙeri ne ya haɗa tsohon hatimi da sabo. Irin waɗannan ne masu tara tsofaffin kuɗi suke biya da daraja, muddin ba a goge su da toka ko lemun tsami ba.