Yadda Sanda da Inuwa Suka Auna Tsayin Rana

Tun kafin agogo ya shigo, mai neman lokacin La'asar ƙasa yake duba. Duk wanda ya karanta Risala a zaure ya san ƙa'idar: lokacin Azahar na fita, na La'asar na shiga, idan inuwar abu ta kai tsawonsa, ban da inuwar zawali. Irin wannan buƙata tana cikin abin da ya sa masana taurari na zamanin Abbasiyawa suka duƙufa a kan sandar da aka kafa tsaye cikin rana.

Sandar da inuwarta da hasken da ya biyo ta kanta ya sauka a bakin inuwar, su uku sun tada alwatika, kuma gindin sandar kusurwa ce mai digiri 90. Sanda tana aunuwa, inuwa ma haka. Abin da hannu ba ya kaiwa shi ne yadda rana ta ɗaga daga ƙasa. Sai masanan suka kasa sandar kashi 12, kowane kashi yatsa guda. In inuwa ta yi yatsu 12, rana tana kan digiri 45. In ta miƙe ta kusa 21, rana ta sunkuyo zuwa 30. In ta taƙaita wajen 7, rana ta hau 60. Al-Battani, wanda ya yi aikinsa a Raƙƙa ta Siriya ya rasu a 929, ya tsara jadawalin inuwa digiri bayan digiri, ta yadda mutum zai auna inuwa ya nemo kusurwarta. Aikin da kalkuleta ke yi wa ɗan sakandare ke nan a yau.

Al-Biruni, haifaffen Kawarizam a 973, ya rubuta littafi sukutum a kan inuwa, amma bai tsaya nan ba. A Nandana, cikin Fakistan ta yanzu, ya gano tsayin wani dutse ta hanyar kusurwoyi, sannan ya hau kansa ya auna yadda bakin sama ya sunkuya, ya sami minti 34, wato rabin digiri da ɗoriya. Da wannan ya lissafa nisan tsakiyar duniya daga doronta, kimanin kilomita 6,340. Awon zamani ya ba da 6,371.

Abin takaici, yaranmu suna haddace wannan darasi na kusurwoyi a allo kamar baƙon abu. Malaman lissafi, ku fita da su filin makaranta da sanda da ma'auni, su nemo kusurwar rana da hannunsu.